Ƙashin da Na Hana a Binne

Da Sallar da ta wuce ina daga ɗaki ina jin ku a tsakar gida, kun rage murya kuna tsammanin tsohuwa ta yi barci. Na ji babban wanku, wanda ba na kama sunansa, yana cewa karatun Zulai ne ya jawo mini wulaƙanci a unguwa, ku kuma kuna ta ba shi gaskiya. Ita Zulai tana bakin murhu tana juya miya. Na so in fito a lokacin, sai na ga akwai surukai da jikoki. Shi ya sa na ware wannan babi a cikin abin da nake rubuta muku, don kada in mutu ku ci gaba da ɗora wa autarku laifin da ba nata ba. Ni na yanke shawara a waccan shekarar, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni. In kuna neman wanda za ku ji haushi, ku karanta, zan nuna muku shi.

Kun taso kun tarar da ni ina wankan gawar mata a Fadaman Mada, tun unguwar tana rabi gidaje rabi gonaki. A wurin ƙanwar mahaifiyata na koya, Inna Dije, Allah ya jiƙanta. Ita ta nuna mini yadda ake dama garin magarya a ruwa, yadda ake farawa da alwala a bi da dama, inda ake sa kafur, da yadda ake raba gashi gida uku a kwantar da shi baya. Amma duk wannan ko yarinya sai ta iya. Abin da ta fi dagewa a kai shi ne baki. Mace ce kwance a gabanki, ba ta iya jan zani ta rufe kanta, ba ta iya ce miki kar ki faɗa. Na ga tabon duka a jikin matan da ake yi wa kallon 'yan gata, na ga ciwon da aka ɓoye wa miji har ƙarshe, ban taɓa faɗa wa ko mahaifinku ba har shi ma ya tafi. Ba sana'a ba ce, ba a kuma naɗa mutum. In an yi rasuwa sai dai a ce a kira Goggo Mairo, ni kuma in ɗauki mayafina in tafi. Yarda ce kaɗai ke riƙe da aikin. Ranar da aka daina cewa a kira ki ya ƙare ke nan, kuma babu wanda zai zo ya sanar da ke.

Zulai kuwa kun san ta da tsince-tsince. Tun tana firamare nake zazzage tsakuwa daga aljihun rigarta kafin in wanke. Da ta ce ilimin duwatsu za ta karanta a jami'a na yi murna, na ɗauka an samu mai nuna wa mutane inda za su haƙa rijiyar burtsatse. Ashe ba nan ta dosa ba. Da ta koma ƙarin karatu sai ta zaɓi ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun kafin a halicci ɗan Adam, waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Dainaso take ce wa wasunsu. Takan tafi gabashin jiha da malaminta da abokan karatunta, can kwazazzaban da ke gangarawa kogin Gongola, ta dawo baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, leɓe duk a tsage. Wata rana ina watsa wa kaji tsaba ta zo ta tsaya kaina.

"Inna, kin san kajin nan naki dangin dainaso ne? Masu bincike suna ta samun wasu da alamar gashin tsuntsu a jikin dutse."

"To ki gaya wa danginki su daina hau mini shanya," na ce.

Abin da ke ba ni haushi da ita a lokacin, ba ta ba ka amsa kai tsaye. Ka tambaye ta girman dabbar, ta ce wataƙila. Ka tambaye ta sunanta, ta ce sai an gwada da waɗanda aka samu a wasu ƙasashe. Na ɗauka rowar magana ce. Daga baya na gane ladabin aikinsu ke nan, ba sa faɗin abu sai sun share shi, sun auna, sun miƙa wa wasu masana sun nemi kuskure a ciki sun rasa.

A shekarar da nake ba ku labari jami'o'i suna dogon yajin aiki. Su Zulai sun riga sun ga wani ƙashi ya leƙo daga bangon kwazazzabo, damina kuma ta kawo kai, in suka bar shi ruwa zai tafi da shi. Suka je suka haƙo, suka dawo suka tarar ɗakin bincikensu a kulle. Ta roƙe ni in bari a ajiye a ɗakin mahaifinku, wanda yake rufe tun rasuwarsa, na ce a kawo. Da la'asar sakaliya wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, ƙarti huɗu suka sauko da abu suna nishi. An naɗe shi da tsumman algarara an shafe da filasta irin ta ɗorin karaya a asibiti, don kada ya farfashe a hanya. Fari fat, dogo, mai kauri a kai ɗaya. Ni da kaina da na leƙo zaure sai da na yi salati, don wallahi babu abin da ya raba shi da gawa a likkafani. Maƙwabta suna ƙofofinsu suna kallo. Zulai ta yi musu bayani tana dariya, su ma suka yi dariya, aka watse.

Da abin ya tsaya nan, da ba ni da labarin da zan rubuta. Sai ɗaya daga cikin abokan karatunta ya sa hoton a waya, bayan kwana biyu wani ɗan jarida ya yi sallama. Ba yaro ba ne, ya isa ya san abin da yake yi, yana aiki da irin jaridun nan da ba a buga su a takarda, a waya kawai ake karantawa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na ba shi ruwa, na ba shi tabarma. Zulai ta buɗe masa ɗakin, ta nuna masa gefen da ta fara yanke filastar, ta yi masa bayani har muryarta ta dushe. Ina zaune ina ji. Ta ce ƙashin cinyar dabba ne da ya zama dutse. Ta ce tana kyautata zaton dainaso ne, amma ba za ta rantse ba tukuna, don an yi wasu manyan kadoji a wancan zamani, sai an gama sharewa. Ta roƙe shi kada ya rubuta abin da ba ta faɗa ba. Ya ce ai shi ma ɗan kimiyya ne a sakandare. Da zai tafi sai ya juyo wurina yana murmushi.

"Mama, ke kuma me kike yi, ko hutawa kawai?"

"Wane hutu? Ni ke wanke matan unguwar nan in sun riga mu."

"Allah sarki. To Mama, a duk aikinki kin taɓa ganin ƙashin mutum ya kai wannan?"

"Mutum kuma? Ai ko Samudawan da ake faɗi sai dai haka," na ce, ina dariya.

Ya yi dariya shi ma, ya ɗauke ni hoto a bakin ƙofar ɗakin, ya yi godiya ya tafi. Har addu'a na bi shi da ita.

Washegari da hantsi Bilki ta shigo a guje. Kun san Bilki, 'yar Hajiya Asabe ta bayan layinmu, wadda ni na yi mata wankan farko ranar da aka haife ta. A lokacin ba ta daɗe da aure ba, ta zo gida wuni. Ta miƙo mini waya, na ce ta karanta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Kan labarin ya ce an gano ƙashin ƙaton mutum a gidan mai wankan gawa a Bauchi. Ga hotona, ga farin ƙunshin a bayana. A ciki an rubuta cewa tsohuwar da kanta ta danganta shi da Samudawa. Duk bayanin da Zulai ta yi har muryarta ta dushe, an matse shi a layi ɗaya can ƙasa, wai 'yar gidan ta yi iƙirarin na dabba ne. Ku duba fa, iƙirari. Yarinyar da ta yi shekaru rana tana gasa ta, an mai da ita mai kare uwarta da ƙarya.

Wa ke karantawa har ƙasa? Mutane suka ɗauki kan labarin da hoton suka ƙara gaba. Kun san yadda ake tsoron masu tonon kabari a garin nan, kun kuma san abin da zuciya za ta raya in an haɗa mai wankan gawa da ƙashi a magana ɗaya. Kafin Juma'a an fara tura saƙon murya cewa ɗakin cike yake da ƙoƙon kai. Wata ta rantse tun da na wanke kakarta take zuwar mata a mafarki tana ɗingishi. 'Yan sanda suka zo da wani ma'aikacin adana kayan tarihi, suka duba takardar izinin haƙa, suka ƙwanƙwasa ƙashin suka ji dutse ne, suka ba ni haƙuri suka tafi. Wannan kam babu wanda ya sa a waya.

Sai mai unguwa ya zo da dattawa. Suka zauna a zaure, na zauna daga bakin ƙofar ciki. Ba da faɗa suka zo ba, gaskiya, mutanen da muka yi zaman arziki ne, shi mai unguwar ma ni na wanke mahaifiyarsa.

"Goggo, mu mun san ki," in ji shi. "Amma bakin mutane ya yi yawa. Mun yi shawara, ki ba mu abin nan mu kai makabarta mu haƙa rami mu rufe, a gaban kowa. In an ga an binne, magana ta mutu."

"Ranka ya daɗe, me za ku binne?"

"Ko ma mene ne, Goggo. A dai rufe."

"A'a, ku faɗa mini. In Basamude ne, me ya kai shi makabartar Musulmi? In dabba ce, ni ce zan ba ku dabba ku kwantar kusa da matan da na wanke da hannuna? In kuma kuna nufin Musulmi ne, to ku fito fili ku ce na sato shi."

Wani dattijo ya ce ba a kai nan ba, ai neman maslaha ake. Na ce ni ma na san maslaha, amma ranar da aka ɗauki abin nan a kafaɗa zuwa makabarta, duk wanda ya gani ya samu shaidar cewa mutum ne, kuma a ɗakina aka same shi. Zan zama na sa hannu a kan ƙaryar da aka yi mini. Suka ce in yi tunani, suka tashi.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne kuka juya labarin. Da suka fita, Zulai ce ta zo ta durƙusa a gabana tana kuka.

"Inna, ki ba su. Wallahi ki ba su. Zan sake nemo wani, ko in canza abin da nake bincike. Dutse ne kawai."

"Da bakinki kika ce mini ba a samun irinsa sau biyu."

"Na faɗa. Amma ke ma ba ni da wata."

"Tashi ki wanke fuskarki. Amana kika ba ni, ban taɓa miƙa abin da aka kwantar a hannuna don mutane sun yi surutu ba."

Kun ji ko? Ita ta ce a ba su, ni na ƙi. Hajiya Asabe ma ta zo da yamma, ƙawata tun muna amare, ta kama hannuna tana cewa, "Mairo, taurin kan nan naki zai ja miki. Ni na yarda da ke, amma surukaina fa? Me zan ce musu?" Na ce ta ce musu abin da ta sani. Ta tashi ta tafi, daga ranar gaisuwarmu ta koma ta kan hanya.

Ban zauna ba. Na sa aka nemo mini inda jaridar take, na shiga keke mai ƙafa uku na tafi ni kaɗai. Wani ɗaki ne a saman shaguna kusa da Kasuwar Muda Lawal, na hau matakala ina hutawa. Wanda ya zo gidana ba ya nan, ko kuma ya ji muryata ya ɓuya. Na tarar da babbansu yana cin gyaɗa a gaban kwamfuta.

"Ni ce tsohuwar da kuka sa a waya. Na zo ku gaya wa mutane ƙarya kuka yi."

"Haba Mama, ƙarya kuma? Ba ke kika ambaci Samudawa ba? Ba ke ke wankan gawa ba? Ba a gidanki yake ba? Wanne ne ba gaskiya ba?"

"Kowanne gaskiya ne. Haɗin da kuka yi ne ƙarya, kuma kun sani."

"Mama, ki fahimce mu. In muka ce an samu dutsen da ba a tabbatar da ko na mene ne ba, wa zai buɗe? Yanzu ga shi duk ƙasar nan an san aikin 'yarki. Kamata ya yi ki gode mana."

Wallahi ban taɓa jin sha'awar marin ɗan wani ba irin ranar. Na ce masa yana da uwa? Ya ce yana da ita. Na ce to Allah ya sa ranar da ta kwanta a samu wadda za ta riƙe bakinta a kanta, ba irinsa ba. Ya daina tauna gyaɗar, ya ce za su gyara.

Kun san gyaran? Bayan kwanaki suka sake sa wani labari, wai ashe dodo ne mai cin mutane da ya taɓa zama a Bauchi, mafi girma da aka taɓa gani a duniya. Suka liƙa zanen wata halitta mai haƙora kamar wuƙaƙen mahauta, wadda suka tsinto ko a ina. Zulai ta riƙe kai. Ta ce dabbar ba ta taɓa haɗa zamani da mutum ba balle ta ci shi, kuma in abin da take zato ne, ganye ma take ci. Ta ce ba a nan kaɗai ba, har jaridun ƙasashen waje haka suke, kowane ƙashi aka haƙo sai sun ce shi ne mafi girma, shi ne ya rushe duk abin da aka sani. Na ce to can waje wa ake ƙaurace wa saboda haka? A labarin na biyu babu inda aka ce tsohuwar nan ba ta da laifi, ko sunana ba a ambata ba. An gama da ni, an wuce.

Da aka janye yajin aiki motar jami'a ta zo ta ɗauki ƙashin. Har yau Zulai tana kansa da 'yan ƙananan ƙarafanta da burushi, ta ce yanzu ta ƙara kyautata zaton dainaso ne, amma sauran gwaji. Ina alfahari da ita, ku ma ya kamata ku yi. Ni kuwa na share ɗakin na zauna ina jiran abubuwa su koma daidai. Aka yi rasuwa a layin masallaci, na ji labari bayan an dawo daga makabarta. Na ce wataƙila sauri aka yi. Aka sake yi a gidan mai gyaran rediyo, nan ma shiru. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya ce ya yarda da jarida. Ana gaishe ni, ana kawo mini tuwon suna. Kowa dai in nasa ya mutu sai ya ga gara ya kauce wa abin da za a ce. Na ji zafi ƙwarai, kuma har yanzu ina ji, ba zan ɓoye muku ba.

Damina ta zagayo. Wata safiya ina shara a ƙofar gida na ji kuka ya tashi daga bayan layi. Aka ce Bilki ce, wurin haihuwa, an dawo da ita gidan uwarta daga asibiti. Na jingina tsintsiya na shiga na yi alwala, na sa mayafina, na dawo zaure na zauna. Na ce ko duk unguwa ta guje ni, Asabe za ta aiko. Ina nan zaune rana ta ɗaga. Sai ga keke ya tsaya daidai ƙofata, wata mata ta leƙo, ba ta kai shekarun babban wanku ba, da 'yar jaka a cinyarta. Tun daga nesa na ji ƙamshin kafur.

"Sannu Mama. Don Allah ina gidan Hajiya Asabe, inda aka yi rasuwa? Daga unguwar Gwallameji aka kira ni, mun kasa gane layin."

Na tashi na fito har bakin hanya, na nuna wa mai keken kwanar, na ce gida na biyu mai baƙar ƙofa. Ta yi godiya. Har ya ja, na ɗaga hannu ya tsaya.

"Baiwar Allah," na ce, "ki sa a ɗumama ruwan. Tun tana jaririya ba ta son na sanyi."

Ta dube ni, ta ce to Mama, suka sha kwana.